Ranar da Brolga Ta Tsaya: Ta'aziyyar Noeline Kinnane

Rai na Allah ne, ya kuwa karɓi abinsa. Ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Satumban nan, Noeline Kinnane ta rasu a gidanta da ke bayan garin Heyfield, tana da shekara saba'in da tara. Ita ce dattijuwar alƙalan ƙungiyarmu ta masu karnukan kora shanu, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ta. Ba ta yi jinya ba. Labarin ya same mu muna tsakiyar gasar cikar ƙungiya shekara hamsin a filin baje kolin Maffra, kuma ba kiranmu aka yi aka gaya mana ba. Mu ne muka kira gidanta, a kan wata magana daban da zan zo kanta.

Sunana Marj Dunstan. Fiye da shekara talatin ni ce mai tsaya mata a fili. Ni ke kiran lamba, ni ke shigo da karnuka da masu su, ni ke sa ido a kan igiyar da ta kewaye fili don kada wani ya yi abin da bai dace ba. An ce in rubuta 'yan kalmomi a mujallar ƙungiya. Na zauna in yi bayani a kanta, sai na ga ba zan iya ba, sai dai in yi magana da ita. Ku yi mini haƙuri.

Noeline, ba zan ce ke mai sauƙin hali ba ce, don na san da kina nan da kin harare ni ta saman tabarau. Kin sa manyan mutane kuka a bayan motocinsu. Sababbin shiga suna zaton kambu abu ne da ake ɗauka a rana ɗaya, sai sun jima suke gane cewa kare sai ya yi ta zagaya gasa yana tara maki a hannun alƙalai daban-daban har ya cika ɗari, kuma kowane alƙali sai ya amince a ransa cewa dabbar ta cancanci a kira ta gwarzo kafin ya ba da ko maki guda. Wasu alƙalan in suka ga kare shi kaɗai a ajinsa sai su miƙa masa kawai, don a rabu lafiya. Ke kuwa ko mutum daga Darwin, can ƙarshen ƙasar nan, ya tuƙo mota, in karensa bai kai ba, sai ki kama hannunsa ki ce ya gaida gida. Na sha tsayawa a bayanki ina jin zagin da ake yi miki ƙasa-ƙasa, ke ko gezau.

Amma duk wanda ya taɓa ganin yadda kike duba kare ya san wannan taurin kan ba mugunta ba ne. Karnukanmu ba su yarda da baƙo, haka aka halicce su, kuma haka muke son su. Duk da haka a cikin fili dole su tsaya cik baƙon alƙali ya laluba su daga haƙora har wutsiya, wanda kuwa ya ƙi tsayawa ba shi da rabo, komai kyansa. Ke ba kya tunkarar kare kai tsaye. Sai ki zo ta gefe, ki saukar da hannun hagu, ki ba shi bayan hannun ya sansana har ya gamsu. Sannan ki ɗaga leɓensa ki ga haƙora, ki bi wuya, ki bi kafaɗa, ki shafa gadon baya a hankali har ƙugu. In kin gama sai ki ɗan taɓa ƙugunsa na hagu da yatsu biyu, alamar an sallame shi, shi kuwa sai ya girgiza jiki kamar ya fito daga rafi. Babu wani alƙali mai yin haka sai ke.

Kuma sun san ki da wari. Tun da ciwon gaɓɓai ya kama yatsunki kike haɗa man zafinki da kanki, da ganyen bishiyar turare da kakin zuma da wani abu na uku da kika ƙi gaya wa kowa. Da kin shigo ƙofar filin gasa, karnukan da ke cikin keji a ƙarƙashin rumfuna sai su yi tsit, su juya kai wajen ƙofa. Da haka nake sanin kin iso tun ban gan ki ba, sai in je in ɗora miki shayi.

Ke kika yi faɗan da ya sa karnukan gida suka sami shiga fili. A da duk karen da aka dandaƙe, ko karyar da aka cire wa mahaifa, sai dai su zauna bayan igiya suna kallo, wai tunda ba za su hayayyafa ba babu amfanin auna su. Shekara uku kina tayar da maganar a kowane taro har mutane suka fara gudun zama kusa da ke. Ina nan ranar da wani babban mai kiwo ya miƙe ya ce kare da aka rage masa wani abu ba cikakken kare ba ne. Kika ce masa, "Malam, abin da aka cire masa ba da shi yake kora shanu ba." Ɗakin ya kece da dariya, aka kaɗa ƙuri'a, kika ci. Tun daga ranar karnukan gida suke da ajinsu, da makinsu, da kambunsu, kuma ba ki taɓa yarda a sassauta musu ma'auni ba. Kin ce sassauci raini ne.

Lokacin da wutar daji ta sauko daga tsauni, mutane na gudu da abin da hannu ya iya ɗauka, kin buɗe rumbun ciyawarki kin karɓi karnukan mutane har ba wurin taka ƙafa. Wasu sun yi wata biyu a wurinki. Da masu su suka zo godiya da kek, kika ce su ajiye a kan tebur su je su gyara shingensu.

Akwai abu guda da kika tsana fiye da komai, shi ne abin da muke kira riƙon biyu. Mutum ɗaya ne ke riƙe kare a fili. In wani na waje ya yi fito, ko ya kaɗa makulli, ko ya tsaya inda karen zai gan shi ya miƙe kunnuwa ya yi kyau a idon alƙali, an yi riƙon biyu ke nan, kuma duk abin da karen ya ci a ranar ya zube. Kowa a ƙungiyar nan ya san labarin Len, mijinki, Allah ya jiƙansa. Kina nuna jan karenki a Sale, kin ci babbar ɗamarar da ake ba wanda ya zo na ɗaya, kina fitowa wata ta raɗa miki cewa Len yana bayan igiya yana karkaɗa gwangwanin busasshiyar hanta a aljihu. Alƙali bai ji ba, mai tsaron fili bai ji ba. Kika juya kika ninke ɗamarar, kika mayar a kan teburin alƙali. Len ya rantse ƙaiƙayi cinyarsa ke yi. Kika ce to ya sosa a hanya, kika ja akori-kura kika bar shi a wurin, sai mai ɗaukar madara ne ya rage masa hanya. Har ya mutu in ana ba da labarin nan yana dariya, ke kuwa ba ki taɓa yin dariyarsa ba.

Na kawo wannan ne domin a fahimci maganar Brolga.

Brolga shuɗiyar karya ce ta Lorna Pascoe, aminiyarki tun kuna 'yan mata. Wata cuta ta sa aka cire mata mahaifa tana ƙarama, don haka a ajin karnukan gida Lorna ke nuna ta, kuma ban taɓa ganin karya mai tafiya irin tata ba. Lorna ta tara mata maki har saura kaɗan, sai ciwo ya kwantar da ita. A asibiti ta sa mijinta Col ya yi mata alkawari zai ƙarasa. Col kuwa mai kafa shinge ne, duk tsawon aurensu bai taɓa tsallaka igiyar fili ba, aikinsa ya zauna a mota da rediyo yana jin tseren dawaki. Amma ya ce ya ɗauka, kuma Col ba ya magana biyu.

Matsalar ita ce ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Lorna a gida, Brolga ta tare ƙofar ɗaki, sai da wani daga cikin ma'aikatan ya danne ta a ƙasa da ƙarfi aka wuce da uwar gidanta. Lorna ba ta dawo ba. Tun daga ranar, da hannun baƙo ya kusanci bayan karyar nan sai ta narke ta kwanta, ta cusa kai tsakanin ƙafafu. Bara a Warragul Col ya shigo da ita gabanki, sanye da rigar da ya sa a jana'izar matarsa. Kika ba ta bayan hannu, ta sansana. Kika kai hannu bayanta, ta zube. Kika sake gwadawa, ta sake zubewa. Kowa a bakin igiya yana jiran ya ga ko yau kam za ki kau da kai. Kika miƙe, kika kama hannun Col, kika ce masa ya gaida gida. A ranar ni kaina na ji haushinki, har shayin da na kawo miki ban sa masa sukari ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ranar Lahadin da ta biyo baya kin tuƙa har gonar Col. Shi ya ba ni labari. Ya ce yana ganinki ya ce, "Me kuma kika zo yi, tsohuwa? Ba ki gama kunyata ni ba?" Kika ce, "Ɗora tukunya, Col, kuma ka daina kumbura kamar kwaɗo. Ina karyar?" Daga nan kusan kowace Lahadi kina can. Da farko zama kawai kike yi a ƙasa, bayan hannu a miƙe. Sai kafaɗa. Sai tsakiyar baya. Sai da sanyin hunturu ya shigo ya fita kafin ta yarda ki bi bayanta har ƙugu tana tsaye.

Kin san abin da hakan zai jawo miki tun ranar farko. Alƙali ba ya yi wa karen da ya riƙe ko ya horar alƙalanci. Ke aka zaɓa ki yi alƙalancin gasar shekara hamsin, kin riga kin ce ita ce ta ƙarshe a gare ki, har kin ɗinka sabuwar jaket. Sai ga shi kin janye ba tare da bayani ba, aka ɗauko wani dogon mutum daga New Zealand mai suna Hemi Paki ya maye gurbinki. Aka yi ta surutu, wai kin tsufa, wai kin yi fushi da kwamiti. Ba ki tanka wa kowa ba.

Sai dai aikin bai ƙarasa ba, kuma kin sani. Brolga tana tsayawa ga baƙo in kina kusa, in ke kika fara taɓa ta. In ba kya nan sai a hankali. Ga shi lokaci ya ƙure, don bakin karyar ya fara furfura, ƙafarta ta baya ta fara sagewa da safe, kuma kare mai ɗingishi fitar da shi ake yi. Gwiwoyin Col ma ba za su ƙara kai shi wata shekara yana gudu a fili ba. In ba a Maffra ba, to shi ke nan, alkawarin Lorna ya tafi da ita.

Ana saura kwana biyu Col ya roƙe ki, a gabana, a wurin shan shayi na Heyfield. Ya ce, "Ba sai kin yi komai ba. Ki zauna kawai a kusurwa da hularki, ta gan ki." Kika ce, "Ka san sunan abin da kake roƙo?" Ya ce, "Wa zai sani?" Kika ce, "Marj za ta sani, aikinta ke nan. Ni ma zan sani. Ba zan zo ba, Col, ko ƙofar filin ba zan kusanta ba. In ta tsaya, ta tsaya da kanta." Ya ce miki zuciyarki dutse ce, ya ɗauki hularsa ya fita bai shanye shayin ba.

Ranar Asabar gari ya waye da hazo mai kauri, irin wanda ke tashi daga kogi ya kwanta a kan ciyawa. An yanke ciyawar filin ranar Juma'a, duk ta jiƙe tana mannewa a takalma. Har hantsi rana ba ta fito sosai ba. Wurin ya cika da hayaniyar da muka saba, haushi ta ko'ina, ƙamshin tsiren da ake gasawa, mata na taje karnuka a kan tebura suna gulmar alƙali. Na kira ajin karnukan gida. Biyar suka shigo, Col da Brolga a ƙarshe, a gabansu Trevor Stagg da jan karensa Sarge, wanda shi ma kaɗan ya rage masa ya cika.

Noeline, kin san ni. Ni ba mai yarda da fatalwa ba ce, kuma na sha yi wa Lorna dariya kan duban da take yi da ganyen shayi. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Alƙali yana kan kare na uku sai haushin rumfuna ya ɗauke. Ba raguwa ya yi ba, ɗaukewa ya yi gaba ɗaya, har na ji ɗigar raɓa daga kwanon rumfa. Na waiga na ga karnukan da ke cikin keji duk sun juya kai wajen ƙofar filin. Ba tare da na yi tunani ba na ce a raina, ga Noeline nan, ban ɗora ruwa ba. Sai na tuna kin ce ba za ki zo ba. Na duba ƙofa, babu mota, babu mutum, hazo ne kawai.

Aka zo kan Brolga. Col ya daidaita mata ƙafafu, fuskarsa ta yi fari fat. Mista Paki ya taho, mutumin kirki ne, amma kai tsaye ya tunkare ta kamar yadda kowa ke yi. Na ga ƙafafunta na baya sun fara lanƙwasa, wutsiya ta shige, na ce shi ke nan. Sai ta tsaya a haka, rabi tsaye rabi zaune. Ta juya kai gefen hagu, inda babu kowa, ta miƙa hanci tana sansanar iska daidai tsayin gwiwar mutum. Ta jima tana sansana. Wutsiyarta ta fito ta ɗan kaɗa. Sannan ta miƙe tsaye cik, kunnuwa a sama, kamar yadda take tsayawa a zamanin Lorna.

Ina tsaye kusa da su, babu abin da ya tsere mini. Leɓenta ya ɗaga kafin yatsun alƙali su kai bakinta. Da ya zo gadon baya, gashin yana kwanciya a gaban hannunsa, ba a bayansa ba, tun daga wuya har ƙugu. Shi ma ya lura, don na ga ya dakata ya dubi tafin hannunsa. Ya gama ya ja da baya. Brolga ba ta motsa ba, tana jira. Sai fatar ƙugunta na hagu ta ɗan motsa, ita kuwa ta girgiza jiki kamar ta fito daga rafi. A lokacin ne warin ya iso mini, ganyen turare da kakin zuma da abu na ukun nan. Takardar lambobi ta faɗi daga hannuna cikin ciyawa.

Suka zagaya fili, Col yana ɗingishi, ita tana tafiya kamar 'yar shekara uku. Mista Paki bai yi wani dogon tunani ba, ya nuna ta. Makin ya cika, har da rara. Col ya karɓi ɗamara ya rasa yadda zai yi da ita, ya cusa a aljihu ya fita. Can sai wani kare ya yi haushi a rumfa, sauran suka ɗauka.

Kafin a tafi cin abinci Trevor Stagg ya kai ƙara. Ba na ganin laifinsa, doka ta ba shi dama, kuma ke da kanki da haka za ki yi. Kwamiti ya zauna a rumfar kwano da ke bayan wurin gasa tsire, shugabarmu Bev Haigh a tsakiya, aka kira ni. Trevor ya ce, "Riƙon biyu aka yi, Bev, ko makaho ya gani. Karyar nan wani take kallo." Bev ta ce, "Wa?" Ya ce, "Haba, sai na faɗa? Noeline mana! Tana nan a ɓoye, ko bayan tireloli ko wani wuri. Na ji warin man nan nata, ya cika mini hanci. Ni dai na san ita ke horar da karyar. Ita da ta bar mijinta a titi saboda gwangwani!" Bev ta ce, "Trevor, ka iya bakinka." Ya ce, "To ki kira gidanta. In ta ɗauka, na ci hulata a gabanku."

Bev ta kira wayar gidanki, ta ajiye tata a kan tebur yadda kowa zai ji. Ta yi ta ƙara. Har Trevor ya fara murmushi sai aka ɗauka, amma ba muryarki ba ce. Pina Vella ce, maƙwabciyarki, tana kuka har ba a gane abin da take faɗa. Ta zo kawo miki lemon tsami ne ta tarar da ke a kujerar baranda. Ta ce likita yana nan, ya ce zuciya ce, kuma tun da hantsi abin ya faru.

Ina jin kitsen tsire yana ɗiga a wuta a bayan kwano. Trevor ya zauna a kan kejin wani, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Amma ƙara tana gaban kwamiti, kuma Bev a hannunki ta koyi aiki, ba za ta bar ta a buɗe ba. Ta share ido ta juyo wurina, ta yi mini tambayar da ake yi wa mai tsaron fili. Ta ce, "Marj, kin ga wani a cikin fili ko a bakin igiya yana jan hankalin karyar nan?" Na ce, "Ban ga kowa ba." Ta tambayi Mista Paki, ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce shi ma bai ga kowa ba. Trevor ya ce a bar maganar, ya janye. Kambu ya tabbata.

Ni aka tura in gaya wa Col. Na same shi zaune a bayan akori-kurarsa yana gutsura wa Brolga tsire da biredi, ɗamarar tana leƙe daga aljihu. Na gaya masa. Ya bari karyar ta cinye. Sannan ya ce, "Ta ce ba za ta zo ba, Marj." Na ce haka ta ce. Ya ce, "Na ce mata zuciyarta dutse ce." Ya sunkuyar da kai a kan wuyan karyar, ni kuma na juya na ba shi baya, don Col ba zai so a gan shi a haka ba.

Bayan jana'iza Pina ta ja ni gefe. Ta ce akwai abin da ke damunta. Ta tarar da ke sanye da sabuwar jaket ɗin nan, da takalmanki marasa tudu na shiga fili, hannunki na hagu a sauke gefen kujera, bayansa a waje. Motarki tana cikin rumfa, inji a sanyaye. Ta ce da ta cire miki takalman ta ga sun jiƙe, yankakkiyar ciyawa manne da su, alhali tsakar gidanki tsakuwa ce tun rasuwar Len. Ta tambaye ni me nake gani. Na ce mata ta je ta sha shayi.

Col ya sa ɗamarar a kan kabarin Lorna, ya danne da dutse. Brolga ta yi ritaya. Ya ce yanzu kowa na shafa bayanta, har mai kawo gas, amma in an gama sai ta tsaya tana jira, sai ya taɓa mata ƙugun hagu da yatsu biyu take tafiya.

Noeline, na yi kewarki, kuma ina jin tsoro kaɗan, ba zan ɓoye ba. Wata mai zuwa akwai gasa a Sale, ni ce a fili, kuma ban san yadda zan yi ba in karnuka suka yi tsit. Shekara hamsin ba ki taɓa karya doka ba, ba don miji ba, ba don aminiya ba. Abin da ya faru a Maffra ban san sunansa ba, kuma ba aikina ba ne in sa masa suna. An tambaye ni abin da na gani, na faɗi gaskiya. Ba a tambaye ni abin da na shaƙa ba.

A madadin ƙungiya ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Rodney da Sharyn, da jikokinki, da ƙanwarki Val da ke Bairnsdale, da Pina wadda ta rufe miki ido, da Col Pascoe wanda ya rasa mutum biyu ke nan. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya muku zuciya, ya sa ku ga alherinta a bayanta. Allah ya jiƙan Len da Lorna da duk namu da suka riga mu.

Ke kuma Allah ya gafarta miki, ya yafe miki kaifin harshe, ya saka miki da kowace Lahadi da kika yi zaune a ƙasa a gonar Col da yatsu masu ciwo. Allah ya sa a tarbe ki a hankali, yadda kike tarbar mai jin tsoro. Aikin da kika tsaya ƙarasawa ya ƙarasu, karyar ta tsaya. Ki huta yanzu, ƙawata. An sallame ki.

Marj Dunstan, Heyfield